Mazauna Ayalan, wa ya taɓa bin 'yan kulob ɗin hoto fita yawo?

Ummi_Ennis:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema musamman wajen waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Ni ina Ennis ne a yankin Clare, watana 11 kenan, ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi, maigida kuma ta wajen Shannon yake aiki kuma yawanci ranar da nake hutu shi yana duti, to daga aiki sai gida sai kanti sai gida, wlh akwai satin da in ka cire tsofaffin wajen aiki da mai karɓar kuɗi a kanti ba wanda na yi wa magana. Tunda aka mayar da agogo baya ƙarshen Oktoba abin ya ƙara yi min nauyi, kafin ƙarfe 5 gari ya yi duhu sai ka rasa me ke maka daɗi.

Shekaranjiya na shiga laburare zan fitar da wata takarda sai na ga sanarwa a allo, wai kulob ɗin masu ɗaukar hoto suna neman sababbin mambobi, suna haɗuwa da daddare a tsakiyar mako, kuma Lahadi ta sama za su fita Burren, yankin duwatsun nan na bakin teku a arewacin Clare, ta wajen Fanore da Black Head, a haɗu ƙarfe 9 a wajen ajiye motoci mai mota ya ɗauki marar mota. Ni kuma dama tun ina makaranta nake son hoto, ina da wata tsohuwar Canon da na saya ta hannu da lens ɗinta guda ɗaya, amma gsky a otomatik nake barinta, maɓallan nan duk tsoronsu nake ji.

Abin da ya ƙara sa min son zuwa, akwai wata tsohuwa da nake kula da ita ta haura 90, 'yar can wajen Fanore ce, kullum in ina taje mata kai sai ta yi ta ba ni labarin gonarsu da katangar duwatsun da babanta ya jera da hannunsa ba siminti ba komai, rabonta da ganin wajen an yi shekaru. Na ce a raina ko Allah zai sa in ɗauko mata hoton katangar.

To amma ga abin da ke damuna. Ban san kowa a cikinsu ba, ga ni da hijabi, anya ba zan zama saniyar ware ba? Kyamarata za ta shiga sahu ko dariya za a yi min? Ruwan saman nan da ba ya sallama fa? Sannan a ƙasan sanarwar an rubuta za a tsaya shan shayi a mashaya kafin a dawo, nan ne gabana ya faɗi. Ga salla. Kuma wai in ka ɗauki mutum a titi bai sani ba laifi ne a dokarsu? Wanda ya sani ya taimaka dan Allah, kar in je in yi abin kunya.

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki je. Na fara da wannan ne don kar tsawon bayanina ya sa ki ɗauka akwai wani abin tsoro a ciki. Shekarata 14 a Dablin, 6 daga ciki ina cikin kulob irin wannan, kuma 'yan ƙasar da zan iya kira abokai yau rabinsu a can na same su, sauran a bakin fili ina jiran yara su gama wasa.

Waɗanda za ki tarar yawanci dattawa ne, 'yan fansho, tsofaffin malaman makaranta, ma'aikatan jinya, wataƙila manomi ɗaya ko biyu da suka sakar wa 'ya'yansu gona, kuma mata suna da yawa kar ki zata taron maza ne. Abin ya daɗe a ƙasar nan, tun 1854 aka kafa ƙungiyar masu hoto a Dablin, yanzu kuma da wuya ki sami babban gari da ba shi da kulob, akasarinsu a ƙarƙashin Irish Photographic Federation suke. Zangonsu daga Satumba ne zuwa wajen Mayu, ana biyan kuɗin shekara amma yawanci ba wanda zai tambaye ki ko sisi a zuwan farko. Suna yin gasa a tsakaninsu, sababbi rukuninsu daban, a gayyato alƙali daga wani kulob ya zo ya tsaya gaban kowa ya feɗe hotonka. Ranar da aka fara feɗe nawa ba zan manta ba, hoton jar hasumiyar nan mai haska wa jiragen ruwa ta Poolbeg a Dablin ne, na taka doguwar katangar tekun har ƙarshe iska kamar za ta ɗauke ni, ina ji da hoton nan sosai, mutumin ya kalla ya kalla sai ya ce hoto ya yi kyau amma tekun yana tsiyayewa ta hagu, a kawo bokiti. Ashe a karkace na riƙe kyamara. Kowa ya yi dariya ni kuwa raina ya ɓaci na ce na daina zuwa, ana tashi wani tsoho ya jawo ni gefe ya nuna min yadda ake kunna layukan nan a allon kyamara don miƙe hoto, yau shi ne yake zuwa gidana cin abincin salla.

Batun kyamara ki cire shi a ranki. Akwai masu kaya na dubban yuro, akwai wata a kulob ɗinmu da waya kawai take zuwa kuma tana kayar da su. Mai tsadar kayan ma shi zai fi kowa son ya ara miki lens don ya sami wanda zai yi wa bayani.

Wannan lokacin da kike kuka da shi kuma, shi ne kakar masu hoto. Muna wajen digiri 53 ne a arewa, a Disamba ko da tsakar rana, ranar ba ta ɗagawa sama da digiri 13 zuwa 14, wato duk yinin hasken a kwance yake kamar na hantsi ko la'asar sakaliya, inuwa doguwa, komai ya fito da fasalinsa. Kuma ba sai kin yi sammako ba tunda sai bayan 8 rana ke fitowa. A Yuni in kina son fitowar rana kafin 5 na asuba za ki kasance a waje, faɗuwarta kuma sai kusan 10 na dare, wa zai iya. Ruwa kuwa ba a jiran ya ɗauke a ƙasar nan, wanda ya ce sai gari ya washe zai fita to kyamararsa a jaka za ta tsufa. Ki sauke manhajar Met Éireann, hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, ki dinga duba taswirar ruwan. In sun sa gargaɗi rawaya ana iya fita da lura, in ruwan lemo ne ko ja su kansu 'yan kulob za su soke, bakin tekun yamma ba wajen wasa ba ne, a guguwar Éowyn ta Janairun 2025 an auna iska sama da kilomita 180 a awa a Mace Head nan maƙotanku Galway.

Abu ɗaya da nake so ki riƙe, kar duwatsu da teku su ɗauke miki hankali ki manta garin da kike ciki. Cliffs of Moher, shahararren tsaunin bakin tekun nan na Clare, mita 214 ne a inda ya fi tsawo, kyakkyawa ne ba musu, amma an ɗauke shi har ya gaji. A 1954 wata shahararriyar mai hoto Ba'amurkiya, Dorothea Lange, ta zo nan Clare ɗinku takanas, ba tsauni ta zo nema ba, manoma ta bi, da masu zuwa coci, da 'yan kasuwa a cikin Ennis, mujallar Life ta buga a 1955, har yau ana komawa kan hotunan. Sannan ki shiga shafin babban laburaren ƙasa ki nemi Lawrence Collection, hotuna ne kusan 40,000 na gilashi da aka ɗauka tsakanin 1870 da 1914, ki nemo titunan Ennis a ciki, ki je ki tsaya daidai inda mai hoton ya tsaya ki sake ɗauka. Na yi haka da unguwarmu, shi ne abin da ya sa maƙocina da muka shekara 3 sai ɗaga hannu ya tsaya muka yi hirar awa guda.

DanBirni77:

Hhh Allah ya ba ku lada. Ni dai gsky ban ga dalilin da mutum zai bar ɗaki mai hita ranar hutunsa ya je ya tsaya cikin iska yana ɗaukar dutse ba, dutsen da in ka rubuta sunansa a intanet hoto dubu zai fito wanda ya fi naka. Kuma Baban Khalifa kai dai ka yi sa'a ne, mutanen nan fara'arsu ta bakin titi ce, za su gaishe ka su tambaye ka yanayi su ce wata rana sai mun sha shayi, wata ranar nan ba ta zuwa, shekarata 5 a Limerick ba wanda ya taɓa ce min shigo. Hajiya in za ki je ki je amma kar ki sa rai da yawa.

Anti Hauwa Cork:

DanBirni akwai gaskiya a maganarka amma rabi ka faɗa. Mutanen nan musamman a ƙananan garuruwa abokansu tun na firamare ne, tare suka yi coci tare suka yi wasa, da'irar a cike take ba wai ƙin ka suke ba. Ba a shiga ta gaisuwa, ta aiki ake shiga. Ko GAA, ƙungiyar wasanninsu na gargajiya, ko 'yan Tidy Towns masu sa riga mai ƙyalli suna tsintar shara da shuka fulawa, gasar da ake yi tun 1958 kuma Ennis ɗin su Ummi ta taɓa cinye ta, ko kulob irin wannan. In kun jiƙe tare sau uku ka zama nasu. Kai kana ɗaki da hita ta ina za a ce maka shigo?

Ummi ƙanwata bari in amsa miki na mata. Hijabi ba matsala, a ranar ma kowa a naɗe yake da hula da mayafi ido kawai ake gani, ke ce ma za ki fi kowa shiri. Abin da zan ce ki guji mai faɗi mai tashi, iska za ta dinga watsa miki shi gaban lens, ki sa mai shiga cikin jaket. Tambaya kuwa za ki sha ta, daga ina kike, me ya kawo ki, ya kike ji da yanayinmu, kar ki ɗauka tsegumi ne, junansu ma haka suke yi har sai sun gano wanda suka sani a danginka. Ke da kike aiki da tsofaffinsu ma kin gama samun shiga, za ki ji ana cewa ai gwaggona tana can.

Mashaya kuma kowa da inda zuciyarsa ta tsaya ba zan yi miki fatawa ba. Abin da na sani shi ne a ƙauye da rana, musamman lokacin sanyi da wuraren shan shayi da yawa suke rufewa, nan ne kawai ake samun abinci mai zafi da banɗaki da wuta, za ki ga iyali da yara suna cin abincin Lahadi, kuma masu tuƙi shayi suke sha. Ni ina shiga in zauna ɓangaren cin abinci in sha miyar ganye da burodinsu mai ruwan ƙasa, ina tambaya ko da naman alade a ciki don suna son jefa shi a miya. Wata ƙawata kuma ba ta shiga sam, filas ɗinta take zuwa da shi ta zauna a mota kuma ba wanda ya taɓa yi mata wani kallo. Ki gaya wa mai shirya fitar tun kafin ranar, sun fi son a faɗa musu da a bar su suna zato.

Salla ki fita da alwalarki, yanzu lokutan a matse suke, Azahar wajen 12 da rabi, La'asar 2 da 'yan mintuna, Magariba kafin 4 da rabi. Ki sa 'yar dadduma mai leda a ƙasa cikin jaka don ƙasar a jiƙe take ko ba a yi ruwa ba, alƙibla tsakanin gabas da kudu maso gabas, ki sami bayan katanga inda iska ba ta dukanki.

Ɗaukar mutane, in a fili ne kamar titi ko kasuwa ba a hana ɗauka ba, inda magana take shi ne abin da za ki yi da hoton, ɗora fuskar mutum a intanet ko sayarwa ya shiga dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki a 2018. Ni dokata mai sauƙi ce, in fuska za ta fito sosai ina tambaya, kuma goma da wuya biyu su ƙi, sai dai su ce bari in gyara hula. Yara kuwa kar ki kusanta sai da iyayensu, ko a filin wasa ne. Sannan abin da ya fi komai, KAR ki taɓa ɗaukar tsohuwar nan ko wani a wajen aikinki, ko ita ta roƙe ki, wannan zai iya cin aikinki. Ko nuna mata hoton ma ki fara gaya wa shugabarku tukuna.

Af, gonaki. Nan ba kamar yadda ake zato ba, ba ka da 'yancin ratsa gonar mutum don ka ga ba kowa, kusan ko'ina da mai shi har kan tsaunuka. Ki tambaya, in kin buɗe ƙyaure ki rufe, in kin ga sa a ciki ki haƙura da hoton.

Ummi_Ennis:

Kai na gode sosai wlh, Anti Hauwa kamar kin shiga zuciyata. Baban Khalifa na duba hotunan Lawrence ɗin jiya har 1 na dare, ga titin da nake bi kullum da keken doki a kai. Na tura wa matar da lambarta ke kan sanarwar saƙo, ta amsa cikin minti biyar wai ita za ta ɗauke ni. Maigida ma ya ce in je in dai zan daina yi masa ƙorafin kaɗaici hhh. Saura maɓallan kyamara.

Abba_lens:

Anti Ummi ga ɗalibi daga Galway, Burren muna hango shi daga Salthill in gari ya washe kuma na je ya fi sau goma. Kar ki ce za ki koyi komai a sati ɗaya. Ki juya dayal ɗin zuwa Av, inda ke ce za ki zaɓi girman ƙofar hasken lens, ki sa f/8, ISO, wato ƙarfin karɓar haske, ki bar shi otomatik, shi kenan kin fita daga sahun 'yan koren maɓalli. Ki dinga leƙa lambar shata kawai, wato saurin ɗauka, in ta sauka ƙasa da 1/60 kuma a hannu kike riƙe da ita hoton zai yi rawa, sai ki jingina da katanga ko ki ɗora a kan jaka, ba sai kin sayi mai ƙafa uku yanzu ba, iskar can ma kayar da masu arha take yi. In memorinki na da wuri ki sa ta ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da ya fi karɓar gyara, da JPEG tare, wata rana za ki gode min.

Sanyi yana shanye batir kamar me, in kina da na biyu ki sa shi a aljihun ciki kusa da jiki. Ruwa kuma ba sai kin sayi wata riga ta kyamara ba, hular wanka ta leda ko ledar firiza da robar ɗaure kuɗi ta isa, lema kam ki bar ta a gida iska za ta juye ta. Ƙyallen goge gilashi guda biyu, don a bakin teku feshin gishiri yana hawa lens ba ki sani ba sai kin dawo ki ga duk hotunan sun yi hazo. In za ku shiga waje mai ɗumi kar ki fito da kyamarar nan take, ki bar ta cikin jaka a zuge ta ɗumama a hankali in ba haka ba gumi zai kama gilashin har ciki.

Dutsen Burren farar ƙasa ce shimfiɗe da tsagogi masu zurfi, in ya jiƙe santsi gare shi, tsagogin nan sun cinye min murfin lens biyu kuma suna karya ƙafa, takalmi mai ƙarfi mai kama ƙasa dan Allah ba kambas ba. Kar ki ba teku baya kina duba hoto a allo, igiya ɗaya cikin da yawa takan zo ta wuce inda sauran suka tsaya. In wani abu ya faru 112 ko 999 a nemi masu gadin teku.

Abin da zan so ki nema, shanu a kan tsauni. A wasu ƙasashen da rani ake hawa da dabbobi sama a sauko da su da sanyi, a Burren akasin haka ne, ƙarshen Oktoba ake kora su sama su yi hunturu a can saboda dutsen yana riƙe ɗumi kuma ruwa ba ya kwanciya, kiwon nan ne ma yake share ciyawa furannin Afrilu da Mayu su sami fitowa. Saniya ja a kan dutse mai toka da hasken Nuwamba, hmm. In kin saba kuma ki je kara ta Ennis ranar gwanjon shanu ki nemi izini, fuskoki da hannayen dattawan nan a jikin ƙarfe sun fi kowane tsauni, 23 ga Yuni kuma akwai kasuwar dawaki ta Spancilhill nan kusa da ku.

Anti Hauwa a yi haƙuri, in Anti Ummi na son ta saye zuciyarsu a mota ta ce musu ta ji labarin wasan ƙarshe na hurling, wasansu na sanda da ƙwallo, na 2024 da Clare ta doke Cork da maki ɗaya.

Anti Hauwa Cork:

Abba zan ci maka. Har yau maƙotana ba su warke ba ka zo kana tono.

Ummi_Ennis:

Salam, na dawo da rahoto tunda kun yi min ƙoƙari. Na je!

Mu 13 ne a mota huɗu, ni ce ƙarama da nisa. Matar da ta ɗauke ni tsohuwar malamar makaranta ce, kafin mu wuce Corofin ta san sunan mamata da yawan ƙannena, na jefa maganar hurling ɗin Abba kuwa wani dattijo a baya ya kusa tsalle, daga nan har muka isa ban sake samun damar magana ba. Duk abin da ka tambaya sai su ce grand, wato lafiya lau, ruwa na zuba grand, hanya ta ƙare grand. Mun isa Fanore ana yayyafi mai shiga ƙashi na ce yau na kawo kaina, muka zauna a mota kamar minti ashirin ana zagayawa da biskit, can sai gari ya tsage ta yamma haske ya zubo kan teku tsibiran Aran suka fito, kowa ya ɓalle ƙofa ya fita, tsofaffin nan da nake tausayi wlh sun fi ni sauri a kan dutse. A Black Head bakan gizo ya sauka daidai bayan 'yar farar hasumiyar, na ɗauka sau goma sha, duk tekun yana tsiyayewa ta hagu Baban Khalifa, a kawo bokiti.

Salla na yi ta bayan wata katanga, da na idar na ga ashe matar nan ta tsaya nesa kaɗan ta juya baya tana tare min masu wucewa, ba ta ce komai ba ni ma ban ce ba. Mashayar na shiga, ɓangaren abinci, ga wuta ana ci ga wata iyali da jariri, na sha miya da burodi, rigimar da aka yi kawai a kan wa zai biya ne, na fito da kati wata ta riƙe min hannu da ƙarfi kamar na yi laifi.

Yanzu katanga. A mota na ba su labarin ba tare da na faɗi sunan tsohuwar ba saboda gargaɗin Anti, na dai kwatanta wajen yadda take kwatanta min, hanya mai hawa, rijiya, ƙyaure a kwana. Dattijon hurling ɗin nan ya yi shiru sai ya ce ya san wajen. Bayan cin abinci mota ɗaya ta ware da mu huɗu, muka hau wata siririyar hanya da ciyawa ta tsiro a tsakiyarta, muka tarar da manomin a tarakta, aka nemi izini, izinin minti ɗaya hirar minti arba'in, rana tana ta sauka ni kuma cikina yana ta ƙullewa, ga batir ya fara ja don ba ni da na biyu. Da ƙyar na samu na ɗauki kamar takwas kyamara ta mutu, na ƙarasa da waya. Amma hasken! Yana ratsowa ta ramukan katangar kamar leshi, ashe da gangan suke barin ramukan don iska ta wuce kar ta ture ta. Shanun Abba ma suna sama na same su.

Hoto 212 na dawo da su, waɗanda zan iya nuna wa mutum ba su fi 9 ba.

Jiya na gaya wa shugabarmu ta ce ba komai har ta ba ni babban allon da suke kiran bidiyo da shi. Na zauna kusa da tsohuwar na buɗe mata. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo ba ta ce uffan ba, ni har na fara share hawaye na ɗauka abin ya taɓa ta ne, sai ta ɗago ta ce wannan ba katangar babanta ba ce, ta maƙocinsu ce, mutumin da bai taɓa iya jera dutse ba a rayuwarsa, ki duba yadda ta yi ciki. Tasu tana ɗaya gefen ƙyauren. Daga nan ta shiga nuna min da yatsa tana kiran sunan kowace gona da yarensu na Irish, wadda suke sa 'yan maruƙa, wadda ƙanenta ya faɗi ya karye, har aka kawo shayi ya huce ba ta sha ba. Ta ce in koma in ɗauko ta daidai.

Na faɗa a guruf ɗin kulob ɗin, sun sa ni a ciki tun a hanya, dattijon ya ce Asabar in ba gargaɗin iska zai kai ni. Na yi odar batir. Tambayata yanzu, in na ɗauko ta daidai ɗin a ina zan wanke, kuma wane girma, don idonta ba ya gani sosai.

DanBirni77:

Toh. Limerick ma akwai irin kulob ɗin ne? Tambaya kawai nake.

Baban Khalifa:

Akwai, ka leƙa allon laburare. Ƙanwata manyan kantunan magani da yawa suna da injin wanke hoto, amma ki fara tambayar 'yan kulob, da wuya a rasa mai firinta mai kyau a gida. Ki yi A4 ko sama, takarda marar ƙyalli don fitilar ɗaki kar ta dinga haska mata ido, firam ɗin kuma marar gilashi mai nauyi. Ki tsaya ta inda ƙyauren zai fito a hoton, kuma wannan karon ki tambayi manomin wacce ce wacce kafin a fara hira.